Kawu Ja-da-Baya da Igiyar Akuya

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tafiya da baya, ai ba sai an yi dogon kwatance ba. Kun san shi. Kawu Ado mai hoto, yayan mahaifiyata, wanda daga nan ƙauyenmu har Bagwai ba mai kiransa da sunansa sai Ja-da-Baya. In aka tara mutane za a yi hoto, sai ya fara bin su ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi ƙafar da ta yi ciwo bara. In ya gama sai ya kafa kyamara a ido ya ce, "To, ku tsaya in ja da baya." Daga nan kuma sai abin da Allah ya yi, domin Kawu ba ya waiwaye.

Gilashin kyamararsa ne ya jawo haka. Guda ɗaya gare shi tun ina yaro, irin tsayayyen nan da masu hoto ke kira hamsin, wanda ba ya jawo na nesa, ba ya ture na kusa. In kana son mutum ya cika hoto ka matsa da ƙafarka, in jama'a sun yi yawa ka ja da baya. Ni kuwa da na fara koyarwa na ɗan samu sukuni, sai na sayi kyamara mai zum, wadda kana tsaye wuri ɗaya za ka murɗa ta kawo maka fuskar mai hawan rimi. Tun daga ranar muka zama abokan hamayya, ni da kawuna. Burina kullum in lallaɓa shi ya ajiye kyamarar nan, ko na samu in riƙa ɗaga kai a taro, don Allah ne kaɗai ya san yawan kunyar da na sha a kansa. Shi kuma a duniya ba kalmar da ya tsana kamar a ce ya huta. Yakan ce duk dattijon da aka ce wa ya huta, an fara auna masa likkafani ne.

Kun san ƙasarmu ba ta da fili na banza. Kana fita daga zaure, taku kaɗan ka shiga gonar wani. Wata damina aka yi suna a gidan Isiyaku tela, dangin mai jego suka zo daga Tofa mota biyu cike. Aka jeru a ƙofar gida, layi ya yi tsawo. Kawu ya gama gaisuwarsa ya fara ja da baya. Ya tsallake hanya. Ya tsallake gambar da ke kan iyaka. Ya faɗa gonar gyaɗar Malam Garba, gyaɗa ta fara fure, yana tafe yana murƙushe kunya ɗaya bayan ɗaya. Abin haushin, shi kansa Malam Garba yana cikin layin masu hoto, sanye da rigarsa ta Juma'a, yana kallon gyaɗarsa tana kwanciya.

Kawu ya ɗaga murya daga tsakiyar gona ya ce, "Malam Garba, saki fuska mana, suna ake yi."

"Ado, gyaɗata kake takawa!"

"Ba ni ba ne. Dangin mai jego ne suka yi yawa, ka yi magana da su."

Hoton yana nan a shagon Isiyaku, kowa na murmushi, Malam Garba baki buɗe da yatsa a miƙe. Ni ne washegari mahaifiyata ta tasa da fartanya, na je na ba da haƙuri na tayar da kunyoyin, ina malamin makaranta, ɗalibaina suna wucewa suna gaishe ni.

Bayan wannan na kai masa kyamarata har gida, na ce ya gwada, da irin wannan ba zai sake shiga gonar kowa ba. Ya karɓa ya juya ta, ya murɗa gilashin ya fito zungurere, ya mayar. Ya leƙa, sai ga fuskar wata tsohuwa da ke can bakin rijiya ta cika masa ido. Ya yi sauri ya sauke kamar ya taɓa wuta, ya ce a'uzubillahi, wannan ai kayan gulma ne. Wai yaya za ka ɗauki fuskar mutum ba ka yi masa sallama ba, bai san ka ɗauka ba? A wajensa hoton da ba a gaisa ba leƙen katanga ne. Na ce aikin zamani ke nan, mutum ya fi fitowa yadda yake in bai sani ba. Ya ce haka ma ɓarawo yake faɗa.

Ko da aka daina wanke fim a birni, 'ya'yansa suka haɗu suka saya masa sabuwar kyamara mai kati, abu na farko da ya yi shi ne cire zum ɗin da ta zo da shi, ya sa aka ɗaura masa tsohon hamsin ɗinsa. Zum ɗin kuwa ya ajiye shi a taga. Da na koma bayan wata 'yan watanni, zanzaro ya yi gini a jikinsa, Kawu ya ce ai gara da ya samu mai amfani da shi.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta rabon kyaututtuka a makarantarmu. Lokacin ina mataimakin hedimasta, ni na tsara komai, har da babban baƙo, wani jami'in ilimi daga birni. Na roƙi Kawu tun da safe ya zauna cikin iyaye, ni zan ɗauki hotuna daga nesa ba tare da an dami kowa ba. Ya ce to. Wannan "to" ɗin ya kamata ya tsorata ni. Baƙo yana tsakiyar jawabi, ya ɗauko zance mai daɗi, sai kawai na hango hular Kawu tana hawa dandamali. Ya je gab da mutumin ya tsaya, lasifika tana kwashe komai tana watsa wa gari.

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe. An zo lafiya? Ya hanya? Ya aka baro iyali?"

Mutumin ɗan mutunci ne, ya amsa. Kawu ya tambaye shi unguwarsu a birni, ashe ya taɓa ɗaukar wani biki a can, aka shiga lissafin wanda ya mutu da wanda ke raye. Hedimasta ya juyo ya dube ni, ni kuma na dubi takalmina. Da aka gama gaisuwa Kawu ya ja da baya ya ɗauki hotonsa, Allah ya taimaka wani malami ya tare shi kafin ya zarce daga bakin dandamali. Baƙo ya koma kan takardarsa ya rasa inda ya tsaya. Yana ta juya shafi, wuri ya yi tsit. Sai muryar Kawu daga ƙasa: "Kana wajen ilimi gishirin zaman duniya, ranka ya daɗe." Yara suka kwashe da dariya har da masu faɗuwa daga benci. Sati guda ban shiga ofishin malamai ba sai in na tabbata ba kowa.

Sai kuma zancen zobe. A jikin gilashinsa akwai wani zobe da ake murɗawa da hannu, shi ke buɗe ƙofar da haske ke shiga ko ya matse ta. In ka buɗe ta sosai, wanda ka nufa kaɗai ke fitowa tar, duk abin da ke bayansa ya zama dishi-dishi. In ka matse ta, komai ya fito, daga hancin mutum har kukar da ke bayan gari, sai dai tana bukatar rana mai ƙarfi. Tawa kyamarar ita ke zaɓar wa kanta, na danna kawai. Kawu ya ce wanda ya bar inji ya zaɓar masa haske, wata rana zai bar jaki ya zaɓar masa kasuwa. Shi nasa zoben kullum a buɗe yake har ƙarshe. Hujjarsa, ba a kira shi ɗaukar bangon da ya tsage ko wankin da aka shanya ba, mutum aka ce ya ɗauka, sauran kuma asirin gida ne.

Hujjar tana da kyau, sai dai ba kowa ke son a rufa masa asiri ba. Alhaji Sabo dillalin hatsi ya sayi mota, ya sa aka wanke ta har taya, ya sa babbar riga ya tsaya a gabanta, ya aika a kira Kawu. Da hoto ya fito, ga Alhaji nan har ana iya ƙirga gashin gemunsa, bayansa kuwa wani jan abu ne kawai, ko mota ce ko tulin barkono. Alhaji ya zo har gida yana huci, ni ina zaune.

"Ado, ina motar?"

"Wace mota?"

"Wadda na kira ka dominta."

"Alhaji, kai na gaisar ka amsa. Motar ta amsa?"

Da Alhaji ya tafi na ce, Kawu, da ka ɗan matse zoben nan ko sau ɗaya ai da ba ka rasa ciniki ba. Ya dube ni ya ce ranar da na ga ya matse zoben nan, in tara mutane a yi masa ta'aziyya. Muka yi dariya, na je na ɗauki motar Alhaji da tawa kyamarar.

A 'yan shekarun ƙarshe abin nasa ya ƙaru, mu kuma muka ce tsufa ne. Ya fara sa baƙin tabarau, muka ce Kawu ya shiga gayu bayan furfura. Gaisuwarsa ta ninka tsawo, sai ka yi magana ka sake yi kafin ya ambaci sunanka. Ya daina ɗaukar kowa a inuwa, sai ya fito da kai tsakiyar rana. Sannan ya zo da igiya. Igiyar akuyar matarsa ce, Inna Talatu, da ƙulli guda a bakinta. Ya ɗaura gefe ɗaya a ƙugunsa, ya miƙa maka ƙullin ya ce ka ɗora a kan hancinka, ya ja da baya har igiya ta miƙe, sannan ya ce ka saki. Ka tambaye shi dalili ya ce sabon ilimi ne, ba a koyar da shi a makarantar su Habibu, wato ni. Kuma don tsabar tsimi bai sayi wata ba, su biyu ke raba ta da akuyar. In ba aiki igiya tana wuyan akuya a turke, in aiki ya taso a kulle akuya a ɗaki.

Ana cikin haka aka sa ranar auren 'yata ta fari, Rukayya, wadda ta karanta aikin jinya. Angon abokin aikinta ne, ɗan birni, mahaifinsa babban malami ne da ya yi ritaya, irin dattijan nan da ko tari za su yi sai sun nemi izini. Tun da aka sa rana igiyar nan ta hana ni barci. Na bi ta wajen mahaifiyata ta ce ita ƙanwa ce, ba ta da baki. Dole na je da kaina. Na same shi a zaure, na zauna daga bakin ƙofa, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce ranar ɗaurin aure ina so ya zauna cikin manya a gaishe shi, ya huta, hoto ni zan ji da shi.

Ya saurare ni har na gama. Can sai ya yi dariya, ya ɗauko wasan kaka da jika ya ce, "Matar tawa za a ƙwace a ba wani, sannan a hana ni ko hotonta? Habibu, ka ji tsoron Allah." Na tashi na fita.

Ranar ta zo, tsakiyar damina, rana ta buɗe bayan ruwan safe. An ɗaura aure, baƙi sun dawo gida sun zauna a rumfa, an fara shigo da abinci. Ina can gindin darbejiya ina ɗaukar hotuna daga nesa, ina addu'ar Allah ya sa ya manta. Sai ga shi da tabarau da igiya a kafaɗa. Ya bi baƙin nan kaf da gaisuwa, sannan ya ce duk su fito rana. Dattijai masu manyan riguna suka bar abinci suka fito suna ƙifta ido. Ya laluba ya kama hannun mahaifin ango, ya danƙa masa ƙulli.

"Ranka ya daɗe, ɗora a hanci."

Dattijon ya dubi igiyar, ya ɗan shinshina, domin warinta ba ya ɓuya. Ya dubi ɗansa. Sannan cikin natsuwa ya ɗora ta a kan hancinsa. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Abokan ango suka ciro wayoyi suna dariya ƙasa-ƙasa. Ni ma don in nuna musu ba na cikin wannan shirme, na murɗa zum ɗina na ɗauki Kawu daga inda nake, ya cire tabarau yana share zufa, igiya a ƙugu.

Ashe akuyar Inna Talatu ta ture ƙyauren ɗakin da aka kulle ta. Ta biyo igiyarta har gidan biki, ta tarar da rumfa ba kowa, ga faranti a buɗe. Kafin a ankara ta gama da wainar mahaifin ango ta koma kan ta waliyyi.

Da hotuna suka fito sai na ga abin da ban taɓa gani a aikin Kawu ba. Komai ya fito tar. Ga surukaina suna zufa, ga bangon gidana da ya tsage, ga zannuwan da aka shanya, ga akuya kai cikin faranti, ga ni can gindin darbejiya da fuska kamar an aiko mini da mutuwa. Na ɗauki hoton na tafi wajensa, rabi haushi rabi murna, don yau na kama shi. Na ce, Kawu, ashe ka tuba, ka matse zobe, yaushe za a yi ta'aziyyar? Har akuya ka ɗauka. Bai karɓi hoton ya duba ba. Ya ce, "Ita ma 'yar gida ce, ta amsa gaisuwa." Na yi ta ba da labarin nan a majalisa, ina nuna hotonsa da igiya a waya, ana dariya.

Bayan an gama girbi ya kwanta, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Ranar sadakar bakwai Inna Talatu ta aika a kira ni. Tana zaune a tabarma cikin takaba, kyamarar a gabanta, igiyar a naɗe a kai. Ta ce ya bar wasiyya a ba ni. Na ɗauka na duba, zoben yana matse har ƙarshe, an naɗe shi da zare baƙi don kada ya motsa. Na ce, Inna, wannan fa?

Ta ce ita ta naɗe shi. Ta ce damina uku ke nan Kawu ba ya ganin fuskar mutum, sai dai inuwarsa. Da murya yake gane mu, shi ya sa gaisuwar ta yi tsawo. Tunda ba ya iya saita hoto da ido, sai ya matse zobe don komai ya fito, ya fitar da mutane rana don haske ya isa, igiya kuma ta riƙa gaya masa inda zai tsaya. A bayan gida suka gwada, ita ke riƙe igiya a hanci, ya ɗauka, ta duba ta ce masa ya fito ko bai fito ba, suna matsar da ƙulli har suka dace. Ta yi 'yar dariya ta ce ita da ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba tun tana amarya, yanzu ta fi kowa hotuna a garin nan, duk da igiyar akuya a hanci.

Na ce me ya hana a gaya mana, a kai shi asibiti?

Ta gyara mayafinta ta ce, "Na yi, na yi. Ya ce in ka ji, kai za ka fara cewa ya huta."

Ban iya dubanta ba. Da na koma gida na buɗe hoton nan da na ɗauke shi daga gindin darbejiya, wanda na yi ta yawo da shi ana dariya. Na ja shi da yatsa ya ƙara girma, na bar igiyar na dubi fuskarsa. Ga shi nan a idanu biyun, fari fat. Rukayya ta zo gaisuwa, ta leƙa ta kafaɗata ta ce, "Baba, wannan ai yanar ido ce. Aikin yini ɗaya ne a cire."

Na sha kunya a kan Kawu a gonar Malam Garba, na sha a makaranta, na sha a gaban surukai, duk ina ba da labarinsu ina dariya. Wannan ce ban san yadda ake ba da labarinta ba. Ina da gilashin da ke kawo fuskar mai hawan rimi, amma damina uku ina gaishe da kawuna daga bakin ƙofa.

Kyamarar tana wajena, ban kwance zaren ba. Igiyar na mayar wa Inna, don akuya tana bukata.

Allah ya jiƙan Kawu Ado, ya yafe masa gyaɗar Malam Garba, ya yafe mana abin da ya fi gyaɗa. Yadda ya rufa wa gidajenmu asiri a hotunansa, Allah ya rufa masa nasa. Ya haskaka kabarinsa, ya buɗe masa idanunsa a Aljanna ya ga fuskokin da ya yi ta gaisarwa a duhu. Amin.